Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Sassan Koyar Da Zanen Gine-gine Na Jami'o'in Arewa Game Da Kwasa-kwasan Zaɓi

Zuwa ga shugabannin tsangayoyi da na sassan koyar da zanen gine-gine, da majalisun malamai na jami'o'in arewacin Nijeriya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta malamai, bayan gaisuwar girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na zaɓi in rubuto muku wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda maganar da ke cikinta ta shafi ɗalibai da iyayensu da duk wanda zai zauna a gidan da ɗalibanku za su zana nan gaba. Ni mai zanen gini ne da ke karɓar ɗalibanku a ofis idan sun fito horon sanin makamar aiki, kuma abin da nake roƙon ku duba shi ne kwasa-kwasan zaɓi, wato darussan da aka ce ɗalibi yana da ikon ɗauka ko bari, musamman waɗanda suka shafi zayyana da sababbin fasahohi.

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar karatu da ake kira CCMAS. A cikinta hukumar ta riƙe kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 domin ta cike da abin da ya dace da muhallinta, sannan ta cire zanen gine-gine daga ƙarƙashin kimiyyar muhalli ta mai da shi fanni mai cin gashin kansa. Na san ƙungiyar ASUU ta yi ƙorafin cewa hukumar ta shiga hurumin majalisun jami'o'i, kuma ƙorafin yana da tushe, sai dai ba shi ya kawo ni ba. Abin da ya kawo ni shi ne kashi 30 ɗin da ya rage a hannunku. A digirin shekara 4 mai yunit 120, wannan kaso ya kai yunit 36, ya fi karatun shekara guda cur, kuma babu wanda zai tsara shi daga Abuja. Ku ne za ku yanke ko ya zama ƙarin kwasa-kwasan dole da aka kwafo daga kundin wata jami'a, ko ya zama filin da ɗalibi zai zaɓi hanyar da zai ƙware a kanta.

Abin da ɗalibai daga jami'o'i daban-daban suke faɗa mana kusan iri ɗaya ne. Kundin sashe yakan jera kwasa-kwasan zaɓi masu sunaye masu ban sha'awa, amma ranar rajista sai jami'in da ke kula da ajin ya ce guda ɗaya ne kawai ake da malamin da zai koyar a bana, don haka kowa ya rubuta shi. Lamarin ya yi kama da mai abincin da ta rubuta kala goma a allo alhali tukunya ɗaya ce a kan murhu. Inda aka yi sa'a akwai biyu ko uku, sai a tarar lokacinsu ya ci karo da na sutudiyo, wato ajin zanen gini a aikace, wanda shi ne ƙashin bayan karatun kuma babu ɗalibin da zai bar shi. Wanda ya so ya leƙa sashen kwamfuta ko na safiyo ya ɗauki kwas ɗaya, zai sha yawon neman sa hannu daga ofis zuwa ofis, kuma ko ya samu, yana cikin fargabar kada sakamakonsa ya maƙale tsakanin sassan biyu har ya hana shi tafiya bautar ƙasa. Daga nan ɗalibai suka koyi darasin da ba a rubuta ba, suka riƙa tambayar na gaba da su wane kwas ne ake samun maki cikin sauƙi. Ba na ganin laifinsu, domin yaron da maki ɗaya zai iya sauko da shi daga matakin digiri zuwa na ƙasa ba zai yi kasada saboda sha'awa ba. Haka kwas ɗin zaɓi ya koma jeka-na-yi-ka, malami ya ɗauke shi ƙarin kaya, ɗalibi ya ɗauke shi cikon yunit.

Inda kuma aka ce za a koyar da fasahar zamani, galibi abin da ake nufi shi ne koyon danna maɓallan AutoCAD da Revit da SketchUp. Sanin waɗannan manhajoji wajibi ne, babu ofishin da zai ɗauki wanda bai iya su ba, kuma tsarin BIM, inda ake tayar da ginin gaba ɗaya a kwamfuta da bayanin kowane bango da bututu da rodi kafin a haƙa harsashi, yana rage asara ƙwarai a wurin aiki. Amma maɓallai suna sauya wuri duk lokacin da kamfani ya fitar da sabon samfuri, kuma yaro mai himma yana koyonsu a YouTube cikin hutu ɗaya. Abin da jami'a kaɗai za ta iya ba shi shi ne tambayar da zai yi amfani da manhajar ya amsa. Rashin wannan tambaya ya sa muke ganin ɗalibi ya kawo hoton gini mai ƙyalli, gilashi tun daga ƙasa har sama yana fuskantar yamma, ya ce a Sakkwato za a gina shi, garin da zafi yake wuce digiri 40 a watan Afrilu. Idan aka tambaye shi yadda ɗakin zai kasance da la'asar ranar da babu wuta, sai ya ce za a sa iyakwandishan da janareta. Hannunsa ya ƙware, amma ba a taɓa sa shi ya auna zafin ɗaki ko sau ɗaya ba.

Shawarata ita ce kowane kwas na zaɓi a fannin fasaha a ɗaure shi da wata matsala ta gini da ke ƙofar jami'ar, kuma matsalar da ta fi gaggawa ita ce gine-ginenmu na ƙasa da suke rushewa ba tare da an auna su ba. Ku tuna da cocin Notre-Dame ta birnin Paris da ta kama da wuta ranar 15 ga Afrilu, 2019. Shekaru kafin gobarar wani masanin tarihin gine-gine mai suna Andrew Tallon ya bi ginin lungu-lungu da na'urar awo mai hasken leza, ya tattara ma'auninsa daki-daki, kuma irin waɗannan bayanai suna cikin abin da masu gyara suka dogara da shi har aka sake buɗe ta a Disamba na 2024. Mu kuma ba ma buƙatar gobara, damina kaɗai ta isa. Ganuwar Kano tana zaizayewa ana kuma cin gefenta da gine-gine, ƙofofi da dama an rushe su an sake tayar da su da siminti lokacin faɗaɗa tituna, kuma a kowace unguwa ta cikin birni magada suna rushe tsohon zaure su gina shaguna, wanda haƙƙinsu ne. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, an lulluɓe shi da sabon gini a shekarun 1970, kuma mai son ya ga kamanninsa na waje a yau sai dai ya je gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos ya kalli kwaikwayonsa. Wannan masallaci yana gari ɗaya da sashen zanen gine-gine mafi tsufa a ƙasar nan, wanda aka fara a Ibadan a 1952 aka dawo da shi Zariya a 1955, tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Ga yadda irin wannan kwas zai iya gudana ba tare da an jira na'urar leza mai tsada ba. A raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya nemi izinin mai unguwa da maigida, ya ɗauki zaure ɗaya ko soro ɗaya. Su fara da tef da takarda, su auna kaurin bango a gindi da kuma a sama, domin bangon tubali yana sirancewa yayin da yake hawa. Sai su kewaya ɗakin da kyamarar waya suna ɗaukar hotuna masu yawa, kowane hoto yana haɗa wani ɓangare na wanda ya gabace shi, su zuba su a manhaja irin Meshroom, wadda kyauta ce, ta haɗa su ta fitar da siffar ɗakin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa. A nan ne ɗalibi zai ga da idonsa cewa azara, wadda ake tsagowa daga giginya kuma gara ba ta cika cinta ba, ba ta iya haye tazarar da ta wuce kusan mita 2 ita kaɗai, kuma wannan iyaka ce ta sa maginanmu suka ƙirƙiro bakan gizo, suna ɗaura azara bisa azara tana turowa gaba kaɗan-kaɗan daga bango biyu har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe da ƙasa. Ɗalibin da ya zana wannan da hannunsa, ya kuma gwada a kwamfuta yadda nauyin tulluwa yake sauka ta cikin bakan zuwa harsashi, ya fahimci ilimin ɗaukar nauyi fiye da wanda ya haddace lissafin a allo. Rufi da zankwaye da indararo kuma aikin jirgi mara matuƙi ne, kuma tun da tashinsa yana buƙatar izinin hukuma, neman izinin ma darasi ne da ya kamata ɗalibi ya koya a makaranta.

Akwai wani abu da nake so ku lura da shi a nan. Mafi yawan abin da aka auna na gidan Bahaushe ya tsaya ne a zaure da shigifa, domin baƙo namiji ba ya wuce nan. Cikin gida, da ɗakunan mata, da madafa, da yadda ake raba tsakar gida tsakanin girki da wanki da shanya da wasan yara, ɗalibai mata ne za su iya shiga su auna su, su zauna su tambayi matan gidan abin da ke damunsu a ginin. Sashen da ya tsara kwas ɗinsa da wannan a zuciya zai tara bayanan da za su amfani duk mai zana rukunin gidaje a Arewa, domin yawancin gidajen da ake ginawa yanzu an zana su ne kamar babu mai girki da itace ko gawayi, kamar kuma babu gidan da ke da mata fiye da ɗaya.

Na biyu da nake roƙo shi ne kwas na zaɓi a kan ƙasa a matsayin kayan gini, wanda za a yi rabinsa a ɗakin gwaji rabinsa a fili. Maginanmu sun san a kwaɓa jar ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana biyu kafin a mulmula tubali, sun san makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa tana sa yaɓe ya jure ruwa, sun kuma san laso da ake haɗawa da katsin karofi da gashin da ake samu a majema da dafara. Abin da ya rage shi ne a auna su da ma'aunin zamani, a san nauyin da tubali yake ɗauka kafin ya fashe, da yawan ruwan da yaɓen makuba yake sha, da abin da ke faruwa idan aka matse ƙasar da inji aka sa mata ɗan siminti ko farar ƙasa. A kuma sa ƙananan na'urorin auna zafi da laima a ɗakin soro da ɗakin bulo mai rufin kwano a unguwa ɗaya, a bar su tun daga hunturu har bazara, ɗalibai su kwatanta sakamakon da abin da manhajar EnergyPlus ta yi hasashe. Nijeriya tana da dokar tsimin makamashi a gine-gine tun 2017, kuma ɗalibin da ya yi wannan aiki zai karanta ta da fahimta. Ba ina kiran a koma jiya ba ne. Ginin ƙasa yana da nasa aibi, yana son yaɓe akai-akai, yana tsoron ruwa a gindinsa, kuma mutane da yawa suna ganinsa alamar talauci. Amma masana'antar siminti tana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, farashin buhu kuma kowa ya san inda ya kai, don haka binciken madadinsa aikin gaba ne.

Maƙwabtanmu sun riga sun nuna hanya. Mariam Issoufou, 'yar Nijar, ilimin kwamfuta ta fara karantawa, ta yi shekaru tana rubuta manhajoji kafin ta koma zanen gini. A Dandaji da ke jihar Tawa, ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon matsattsiyar ƙasa, tare da maginan garin, aka kammala a 2018. Tun kafin nan masallacin Yama da ke Nijar ɗin, wanda magini Falke Barmu ya jagoranci gininsa, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya fara da makarantar firamare ta ƙasa a ƙauyensu Gando a 2001, ya karɓi kyautar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini a duniya, a 2022. A Italiya kuma, a 2021, an kammala gidan gwaji mai suna TECLA da injin da ke zubo kwaɓaɓɓiyar ƙasa layi bisa layi da umarnin kwamfuta. Idan Turawa suna kashe kuɗi suna koya wa inji aiki da ƙasa, abin kunya ne ɗalibin Kano ko Katsina ya gama digiri bai taɓa sa ƙafa a kwaɓi ba.

Game da ƙirƙirarriyar basira ba zan tsawaita ba, domin ɗalibanku sun riga ku shiga. Suna rubuta jimla biyu su sami hoton gini cikin daƙiƙu, kuma hana su ɓata lokaci ne. Abin da ya dace shi ne kwas da zai koya musu su tuhumi hoton, su gano inda ginshiƙi bai sauka a kan komai ba, su lura cewa na'urar ta koyi aikinta ne daga hotunan da akasarinsu ba na ƙasarmu ba ne, su kuma san cewa ranar da gini ya faɗi wanda ya sa hannu da hatimi ne zai amsa tambaya. Haka nan ambaliyar da ta mamaye Maiduguri a Satumba na 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau ta isa hujjar buɗe kwas a kan taswirar kwamfuta, inda ɗalibi zai koyi duba tudu da kwari da hanyar ruwa da manhajar QGIS kafin ya ja layi ɗaya a kan fili.

Na san amsar da za ku ba ni, domin gaskiya ce. Malamai sun yi kaɗan, wanda ke akwai yana ɗauke da sutudiyo da kwasa-kwasai da duba kundayen bincike, wuta ba ta tsayawa, kuma kwamfutar da za ta ɗauki waɗannan manhajoji ta fi ƙarfin iyaye da yawa. Sai dai ba dole ba ne sashe ɗaya ya ɗauki nauyin duka. A jami'a irin ta Zariya, sashen zayyanar masana'antu da na zane-zane da na safiyo da na ilimin tona kayan tarihi duk suna nan, kuma kwas ɗaya zai iya samun malamai biyu daga sassa biyu idan majalisa ta yarda a ƙirga wa kowannensu aikinsa. Jami'o'in Kano da Wudil, ko na Kaduna da Zariya, suna kusa da juna yadda za su iya haɗa aikin fili na mako biyu a lokacin hutu, kowace ta amince da makin ɗaya. Manhajojin Blender da FreeCAD da Meshroom da EnergyPlus da QGIS kyauta ne, kamfanin Autodesk ma yana ba ɗalibai lasisin karatu ba tare da kuɗi ba. Ɗaki ɗaya mai kwamfutoci masu ƙarfi da wutar sola, wanda zai kasance a buɗe har dare, ya fi amfani ga ɗalibi a kan ƙaton zauren taro, kuma irin wannan buƙata ce ya kamata ku gabatar wa asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, da hujjoji a rubuce.

Abu mafi wuya, a ganina, shi ne shigo da magina cikin koyarwa. Sarkin magina da yaransa ba su da takardar digiri, kuma ofishin kuɗi na jami'a ba shi da layin da zai biya wanda ba shi da ita. Amma bakan gizo ba a littafi yake ba, a hannun dattawa ƙalilan yake, kuma 'ya'yansu da yawa sun koma aikin bulo saboda shi ke kawo abinci. Ina roƙon majalisunku su ƙirƙiro matsayin gwanin sana'a mai ziyara, da alawus bayyananne, a rubuta sunansa a takardar kwas kusa da na malami, a kuma rubuta shi a duk binciken da aka wallafa da iliminsa. Ɗalibi ya durƙusa ya gaishe shi kamar yadda yake gaishe da farfesa. Hukumar ARCON, wadda ke yi wa masu zanen gini rajista tun 1969, da ƙungiyar masu zanen gine-gine ta ƙasa, za su taimaka ƙwarai idan masu zuwa tantance sassa suka riƙa tambayar kwasa-kwasan zaɓi nawa aka koyar a zahiri a shekarar da ta wuce, ɗalibai nawa suka ɗauki kowanne, maimakon su tsaya ga abin da ke cikin kundi.

Abin da nake nema kafin zangon karatu mai zuwa ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Kowane sashe ya liƙa jerin kwasa-kwasan zaɓin da za a koyar da gaske, da sunan malamin kowanne da lokacinsa, tun kafin a buɗe rajista, kuma kwas ɗin da ya shekara 3 ba a koyar da shi ba a cire shi daga kundi. A ware rabin yini ɗaya a mako wanda babu sutudiyo a cikinsa domin waɗannan kwasa-kwasai, a duk tsangayar. A bar ɗalibi ya ɗauki aƙalla kwas ɗaya daga wani sashe ba tare da makinsa ya shiga lissafin matakin digirinsa ba, ya zama an rubuta ya ci ko bai ci ba kawai, domin ya sami ƙarfin halin gwada abin da bai saba ba. Duk awon da ɗalibai suka yi na tsofaffin gine-gine kuma a ajiye kwafinsa a ɗakin karatu na jami'a da gidan tarihi mafi kusa, kamar Gidan Makama a Kano, da izinin masu gidajen. Mu da ke aiki a waje a shirye muke mu ba da ranakun Asabar ɗinmu, mu buɗe wa ɗalibai wuraren da muke gini, mu kuma zauna a kwamitin duba ayyukansu idan kun gayyace mu ta hannun rassan ƙungiyarmu na jihohi.

Allah ya ƙara wa malamai lafiya da basira.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Mai zanen gine-gine, daga Kano.